Abincin Baba Ba Shi da Rana

Baba, mahaifin maigidana, ya rasu ranar Talata da ƙarfe uku da minti ashirin na yamma, a ɗakinsa da ke gidanmu na Pitowa. Mu huɗu ne a wurin: Dada matarsa, da maigidana, da ni, da Alhaji maƙwabcinmu, wanda ya shigo dubiya aka ba shi kujera, bai tashi ba sai da aka rufe wa Baba ido. Kwanan watan ba zan rubuta ba. A kansa ake gardama a gidan nan yanzu, kuma saboda gardamar ce Dada ta ce in zauna in rubuta abin da na sani. Na rubuta da Hausa domin da ita Baba yake karanta Maganar Allah, da ita kuma yake faɗa da Alhaji.

Masu ta'aziyya sun zo da yawa, kuma na lura kowa da abin da ya riƙe. Fasto ya ce ikilisiya ta rasa mutumin da ba ya makara ranar Lahadi. Wata tsohuwa daga zumuntar mata ta kama hannuna ta ce, "Allah sarki, ya tafi bai ci Nowel ba tun muna 'yan mata." Nowel ita ce Kirsimeti a bakinmu na nan. Direbobin tashar Garwa sun zo a ƙungiya, babbansu ya ce shi bai san addinin marigayi sosai ba, abin da ya sani shi ne wata rana da damina an kawo musu shinkafa da naman akuya har tasha, ba Salla, ba aure, ba suna, kuma har yau bai san dalili ba.  Alhaji kuwa, a rana ta biyu ya ce, "Yanzu da wa zan yi gardama?"

Bayan an binne shi, Yaya, babban ɗan Baba, wanda yake aiki a Yawunde, ya tara mu a tsakar gida. Ya ce bai kamata abincin nan da Baba ya saba rabawa ya mutu tare da shi ba. Ya ce a tsayar da ranar rasuwarsa, kowace shekara a dafa a raba, a buga atamfa mai hotonsa kowa ya ɗinka, kamar yadda ake yi wa manya a kudu. Babban ɗan Alhaji ya ce ragon kowace shekara a kansa. Mutane suka ji daɗi, wasu har da hawaye. Dada ta ce, "Ku bari a gama tsinkar auduga, sai a sake zama." Ba a gama ba tukuna, amma na ji an fara aika wa dangi samfurin atamfar a waya.

Zan bi abin daki-daki, domin wanda bai san farkonsa ba zai ɗauka taurin kai ne kawai.

A kan dutse aka haifi Baba, arewa da Garwa. Mahaifinsa ne mai kula da tulunan kakanni. Duk dattijon da ya mutu a gidan, ana ajiye masa tulu a ƙarƙashin rumbu. In an girbe dawa akwai ranar da ake dafa bilbil, wato giyar sabon hatsi, a zuba wa kowane tulu kafin mai rai ya ɗanɗana, a yanka akuya, a kaɗa ganga. Baba ya bar wannan yana saurayi, ya sauko Pitowa ya kama aiki a wurin gurzar auduga, ya karɓi baftisma, ya auri Dada. Shekarun farko yana yin Nowel kamar kowa. Dada ta ce ma shi ne mai ɗaukar babbar ganga.

Wata shekara mahaifiyarsa ta sauko daga dutse ta same su ana bikin. Ita ba ta taɓa shiga majami'a ba har ta mutu. Ta zauna a gindin darbejiya ta ga akuya a ɗaure, ta ga sababbin kaya, ta ji ganga, ta kuma ji ƙamshin bilbil daga bayan danga inda wasu suka ɓoye. Dawa kuma ba a daɗe da girbewa ba. Ranta ya yi fari ƙwarai. Ta ce masa, "Ashe ba ku bar komai ba, ɗana. Suna kawai kuka canza. To ina kuka ajiye tulunan?"

Dada ta ce bai ci abinci ba ranar. Da aka kwana biyu ya je wurin faston wancan lokacin ya tambaye shi inda aka rubuta ranar haihuwar Ubangiji. Faston mutum ne mai gaskiya. Ya ce ranar ba a rubuce take ba, kuma ya ji a makarantar fastoci cewa kakannin Turawa suna da wani bikin gumakansu a wannan lokacin, sai ikilisiya ta ɗora nata a kai. Baba ya ce, "Ashe su ma suna da dutsensu." Daga nan ya daina. Ya bar Nowel, ya bar Bonane ta sabuwar shekara, ya bar duk wani biki da ya bincika bai gamsu da asalinsa ba. Bai bar majami'ar ba, bai kafa tasa ba. Gidaje kaɗan suka bi shi, wasu daga baya suka koma.

Ni daga gidan da ake Nowel sosai na fito. A Garwa mahaifiyata tana fara tara kaji tun ana saura wata biyu. An kawo ni gidan nan a shekarun da aka rage wa ma'aikata albashi, kuma ba wanda ya gaya mini komai. Da watan ya kama na tambayi Dada wane tela za a kai wa ɗinki. Ta dube ni, ta dubi ɗakin Baba, ta ce in je in tambaye shi da kaina. Na durƙusa a bakin ƙofa na tambaya. Ya ce, "Amarya, a gidan nan ba a yi. Amma ni na ɗauki alkawarin, ba ke ba. In kina so ki je gida ki yi, ga kuɗin mota, ki gaishe mini da surukaina." Amarya yake kirana har furfura ta fito mini. Na je shekarun farko, da yara a baya, ban taɓa ganin ya ɓata fuska ba. In mun dawo yakan tambayi yaran abin da suka ci, ya saurara har su gama.

A shekarar da aka kawo ni ne Alhaji ya tare a gidan da ke jikin namu. Iyayensa 'yan kasuwa ne da kakanninsu suka zo Garwa daga Kano, shi kuma ya zo Pitowa ya buɗe shagon yadi da goro. Da Babbar Salla ta zo ya aiko mana da cinyar rago. Baba ya karɓa ya yi godiya, muka ci. Mai karatu na nan ya san yadda ake yi: Musulmi ya aiko maka da naman Layya, kai kuma ranar Nowel ka kira shi ya yanka maka akuyarka domin shi da iyalinsa su iya ci, sa'an nan ka aika musu da nasu. Haka Alhaji ya saba da maƙwabtansa Kirista a Garwa.

Ranar Nowel da safe ya wasa wuƙarsa, ya sa riga mai gajeren hannu, ya fito ya zauna a dakalin ƙofarsa yana jiran kira. Dada ta gan shi da za ta ɗebo ruwa. Ta dawo ta same shi. Hantsi ya yi, bai buɗe shago ba. Baba kuwa ya ɗauki fartanya ya fito zai tafi lambu, ya gaishe shi ya wuce. Alhaji ya zauna har azahar. Ya ɗauka mun kira wani ya yi yankan a ɓoye, ko kuma mun yanka da kanmu don kada su ci. Ya daina amsa gaisuwar Baba sai da kai. Hajiya matarsa ta hana yaranta shigowa gidanmu.

Da na dawo daga Garwa na tarar da abin ya yi tsami. Baba ya rasa laifinsa, sai da Dada ta ce masa, "Mutum ya wasa wuƙa dominka, ka wuce shi da fartanya." Ya sa takalmi ya fita, ni kuma ina shara a zaure, na ji komai.

"Alhaji, an ce na ɓata maka."

"Wa ya ce? Ni ban ce ba. Wanda ya yanka muku ya iya yanka, shi ke nan."

"Ba a yi yanka ba. Ba na yin Nowel."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Dattijo, kai ba Kirista ba ne?"

"Kirista ne."

"Kana shan bilbil?"

"Ba na sha."

"Ba ka Nowel, ba ka sha. To me ya rage? Ka zo mu ƙarasa maka aikin kawai."

Washegari ya aiko wa Baba da sabuwar buta da hula. Da gaske yake, ya ɗauka Baba yana kan hanya ne, kunya ce ta hana shi faɗa. Baba ya ajiye butar ta wanke hannun baƙi, ya sa hular ya tafi kasuwa. Kafin Lahadi magana ta kai majami'a. Dattawan ikilisiya suka zo gida, ɗayansu ya ce, "Ɗan'uwa, an ce ana ganinka da hula." Baba ya ce, "Rana ce ta yi zafi, ni kuma ga sanƙo." Ba su yi dariya ba. Suka ce ya ƙi bikin Ubangiji, ya ci naman Layya, yanzu ga hula. Ya ce su zo Lahadi su duba kujerarsa. Sun duba shekara da shekaru, yana kanta.

Amma maganar wuƙar ta tsaya masa a rai. Ya ce wa Dada ba daidai ba ne mutum ya riƙa cin naman maƙwabci, shi ba ya ciyar da kowa. Wata Alhamis, ba komai ake yi ba a gari, ya tashi da safe ya ce, "Amarya, a ɗora babbar tukunya." Ya jawo akuya ya leƙa ta kan katanga ya ce, "Alhaji, wuƙar nan tana nan ko ta yi tsatsa?" Alhaji ya fito yana tambaya wa ya haihu. Ba wanda ya haihu. Ya yanka, muka dafa shinkafa da miya, aka kai gidan Alhaji, aka kai gidan fasto, aka kai wa tsofaffin unguwa. Daga ranar aka fara, kuma duk wanda aka yi bayansa da hannuna aka dafa.

Ga ƙa'idodin abincin yadda na gane su, domin shi bai taɓa jera su ba. Ba a sanarwa. Ba a ɗinka kaya. Ba a kaɗa ganga. Ba a taruwa a gidanmu, kaiwa ake yi. Babbar cikinsu kuwa, ba ya faɗowa a lokaci ɗaya sau biyu a jere. Wata shekara sau ɗaya, wata sau uku, wata shekara muka ɗauka ya manta, sai ga shi ana tsakiyar shuka.

Wannan ya wahalar da ni, domin ni mace ce mai son a gaya mini abu da wuri. Na ce masa, "Baba, ku riƙa faɗa mini ko da jiya ne, in tsince shinkafa." Ya ce, "In na faɗa miki jiya, ke za ki faɗa wa Hajiya, Hajiya ta faɗa wa mai kitso, kafin gari ya waye an sami tela." Na ce ni ba mai surutu ba ce. Ya ce, "Na sani. Hajiya fa?"

Sau ɗaya ya yi sakaci. Shekara biyu a jere abincin ya faɗo bayan an biya manoma kuɗin auduga. A shekara ta uku yana wucewa ta kasuwa ya ji wani mahauci yana cewa a ajiye akuya mai kyau, Sallar Dattijo ta kusa. Ya dawo gida ransa a ɓace kamar an zage shi. Shekarar bai ce a ɗora tukunya ba sai tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. A lokacin ne aka kai wa direbobi tasha. Na ce masa wannan lokacin ya fi, mutane sun fi bukata, a bar shi a nan. Ya yarda ya fi. Baɗi kuma ya sake matsar da shi.

Na tambaye shi dalili fiye da sau ɗaya. Amsar da na riƙe ita ce wadda ya ba ni yana gyaran igiyar akuya. Ya ce, "A gidan ubana tulu bai taɓa buɗe baki ya roƙi komai ba. Ranar ce take roƙo. In ta matso, mai akuya ɗaya ya yanka ta, wanda ba shi da ita ya rasa barci, wanda bai zo ba a ce shi ya jawo ciwon yaro. Da farko mutane ne suka sa ranar, daga baya ita take aikensu."

Ba zan ce na fahimci komai ba. Akwai abubuwan da har yau nake juyawa. Na ce masa, "Baba, ai Lahadi ma rana ce tsayayya." Ya ce, "Wannan ba ni na sa ba, ba kuma kakana ba." Na ce to naman Layya fa, ai shi ma na rana ne. Ya ce, "Alhaji ya yi ibadarsa a gidansa. Abin da ya iso gidana nama ne daga maƙwabci." Fastonmu na yanzu yana cewa murnar haihuwar Mai Ceto ba ta ɓaci don an yi ta a ranar da wasu suka taɓa yin wani abu, kuma ban ga ƙarya a maganarsa ba. Mahaifiyata ta yi Nowel har ta koma ga Allah, ban san wanda ya fi ta tsoron Allah ba. Baba kansa bai taɓa cewa masu yi sun ɓata ba. Yakan ce shi ya san ƙamshin da ya ji a bayan danga, wanda bai tashi a kan dutse ba ba lallai ya ji shi ba.

Shi da Alhaji sun tsufa suna wannan gardama a kan dakali. Duk shekara in watan Nowel ya kama Alhaji yakan ce, "Dattijo, hular ta tsufa, in kawo sabuwa?" Baba ya ce, "Kawo. Kai kake asara." Da hannun Alhaji ya fara rawa, ɗansa ya karɓi yankan, amma shi yakan sa a kawo masa kujera ya zauna yana cewa ba haka ake riƙe wuƙa ba.

Yanzu na zo ga abin da ya sa Dada ta ce in rubuta. A ciwonsa na ƙarshe, wata safiya da hantsi, mun fito da shi inuwa yana shan kunu. Ni da Dada ne kaɗai. Maigidana ya tafi Garwa sayen magani, Yaya bai iso daga Yawunde ba. Wani jikansa ya turo hoton jana'izar wani babban mutum a waya, jama'a duk da atamfa iri ɗaya, fuskar mamacin a ƙirjin kowa. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya sa na ƙara girman hoton. Ya tambaya ko kowace shekara suke sawa. Na ce haka na ji. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kyakkyawan tulu ne." Ya ƙarasa kununsa, sa'an nan ya dubi Dada ya ce, "Ni dai kada ku ajiye mini. Kada ku sa mini rana. Yaran suna ƙaunata, za su so su yi. Ke ki hana su. In sun fi ƙarfinki, ki sa Amarya, ita ba ta jin kunyar faɗin magana."

Dada ba ta iya faɗa a gaban taro ba. Ɗanta na fari ne ya tsaya yana magana idonsa jawur, ga ɗan Alhaji ya yi alkawarin rago a gaban mutane. Ni ma ba wurina ba ne in katse babban wa a tsakar gidan ubansa. Shi ya sa aka bi ta takarda.

Na san Yaya ba neman suna yake ba. Tsoronsa kada a manta da Baba, kuma tsoron yana da dalili, domin abin da ba shi da rana yana da sauƙin ɓacewa. Ni kaina ban san ko abincin zai ɗore ba, tunda mai tashi da safe ya ce a ɗora tukunya ba ya nan. Wataƙila ya ɗore, wataƙila ya tsaya. Amma in aka tsayar da ranar, na san abin da zai biyo baya, domin na ga farkonsa a kasuwa a bakin mahauci. Shekarar farko za a zo da kuka. Ta uku a fara duba wanda bai ɗinka ba. Jikokin da ba su san shi ba za su tashi su tarar da wata rana da ake yanka dabba saboda wani kaka da ya mutu, wanda bai zo ba a yi masa magana. Irin wannan Baba ya baro a kan dutse ya sauko yana saurayi.

Saboda haka ga roƙona. Yaya, ka yi haƙuri da ƙanwarka, ka bar ranar ta zo ta wuce kamar sauran ranaku. Ɗan Alhaji, mun gode, ka riƙe ragonka sai an leƙo ta katanga. Dangin da aka aika wa samfurin atamfa, kada ku saya. Kai kuma mai karatu, in ka taɓa cin shinkafar gidan nan, ka tashi wata safiya da ba ka shirya ba, ka sa a dafa abin da kake da shi, ka kai wa maƙwabcinka wanda ba addininku ɗaya ba. In ya tambaye ka wa ya haihu, ka ce ba kowa. Kada ka gaya mana ranar, kuma baɗi ka zaɓi wata.